Wa Ke Biyan Mai Kai Sammaci? Tarihin Kuɗin Shari'a a Batsari da Safana

Daga ranar da aka kama mutum da zargin satar shanu a Wagini ko Runka zuwa ranar da za a yanke masa hukunci, maganarsa takan ratsa hannun ma'aikata biyar ko shida, kowanne da tukunyar da yake ci a cikinta. Ɗan sandan da ya kama shi ya rubuta bayaninsa ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne. Lauyan gwamnatin da zai duba fayil ɗin ya ce akwai tuhuma ko babu yana Ma'aikatar Shari'a a birnin Katsina, ƙarƙashin kwamishinan da gwamna ya naɗa. Majistare da rajistara da masinjan da zai kai wa shaidu sammaci na ɓangaren shari'a na jiha ne. Gandiroban da zai tsare shi na Tarayya ne, amma daga wata ma'aikata daban da ta 'yan sanda. In kuwa laifin ya kai Babbar Kotu, alƙalin da zai saurare shi daga Abuja albashinsa yake zuwa, ta hannun Majalisar Shari'a ta Ƙasa, alhali ginin da yake zama a ciki da janaretan da ke ba shi wuta na jiha ne.

Saboda haka babu takarda ɗaya tak, a Katsina ko a Abuja, da mutum zai buɗe ya ga nawa aka ware kuma nawa aka kashe wajen kamu da tuhuma da hukunci da tsarewa a wannan yanki. An taɓa yin irin wannan takarda, kuma a duk Arewa a Katsina aka fara rubuta ta.

Kafin a san albashi

Shari'ar da alƙalan Katsina suka gada ba ta san wani ma'aikaci da ake kira mai gabatar da ƙara ba. Wanda aka cuta shi ke kai kukansa, shi ke kawo shaidunsa. In kisa ne, magadan mamaci ke tsayawa, su ne kuma ke da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafewa. Tawaye da fashi da rikicin ƙasa kuwa fada ake kai su. Amma shari'ar ta san ɗan aiken kotu, har ta yi maganar ladansa. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, malamin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wanda har gobe alƙalan Arewa ke karantawa, ya ɗora wannan lada a kan mai neman haƙƙinsa, sai fa in wanda ake ƙara ya yi taurin kai, sa'annan nauyin ya koma kansa. Masu sharhi sun bayyana cewa asali baitulmali ne ya kamata ya biya, ana waiwayar masu shari'a ne kawai in baitulmalin ya gaza. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya cancanci a riƙe shi, domin kusan duk tarihin da zai biyo baya a kansa yake juyawa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya sa alƙali da shugaban 'yan sanda da mai karɓar haraji cikin manyan ma'aikatan da mulki ke tsayawa a kansu, ya kuma soki al'adar gaisuwa da sarakunan da suka gabata ke karɓa. Sai dai a aikace, cikin ƙarni na 19, ma'aikacin shari'a daga aikinsa yake ci. Alƙali yana da ushira, wato ɗaya cikin goma na gado ko bashin da aka karɓo, ga kuma kyautar Sarki. Dogarai bayi ne da barorin fada, fada ke ciyar da su, abin da suka samu a wurin aike kuma nasu ne. Tsakanin hakimin da ke zaune a birni da garuruwansa akwai jakada, shi ma da nasa kason.

Yammacin Katsina ma ya fi haka tsanani. Bayan jihadi, zuriyar sarakunan Katsina na da sun kafa Maraɗi, ƙasar Ruma ta zama bakin daga. Hare-hare sun watsa garuruwa, daji ya cinye gonaki, waɗanda suka saura suka shige bayan ganuwa. Ba banza ba ne sunan da aka fi tunawa daga Ruma na wancan zamani, Ɗanwaire, na mayaƙi ne ba na alƙali ba. A irin wannan wuri, wanda ke da doki da mashi shi ke kamawa, sau da yawa kuma shi ke hukuntawa.

Littafi ɗaya

Turawa sun shiga Katsina a 1903. Cikin 'yan shekaru suka tuɓe sarakuna biyu, Abubakar da Yero, sa'annan jami'insu da ke riƙe da Katsina, H. R. Palmer, ya tsaya kai da fata aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta har 1944. Dokar haraji ta Gwamna Lugga ta 1906 ta tattara kuɗin ƙasa da ƙananan haraji iri-iri wuri ɗaya, abin da aka tara kuma a raba shi biyu, rabi na Gwamnati, rabi na Sarki da hakimai da dagatai. Da farko wannan rabi na biyu rabawa kawai ake yi, kowa ya sa nasa a aljihu. Abin da Palmer da Dikko suka yi a wajajen 1909 shi ne suka tsayar da rabon. Kuɗin ya shiga Baitulmali a hannun Ma'aji, a yanka wa kowa albashi tun daga Sarki har dogari, abin da ya rage a yi aikin jama'a da shi, a ajiye wani abu don gobe. Zuwa 1911 Gwamnati ta amince da tsarin, ya bazu a sauran masarautu.

Wannan sauyi ya girgiza harkar shari'a ƙwarai. Tara da kuɗin ƙara da ushira suka daina zama na alƙali, suka koma na Baitulmali, ana karɓarsu da rasit mai kwafi, ana kai su Katsina. A madadin haka, alƙali da muhutinsa da magatakarda da masinja kowa ya sami layinsa a cikin kasafin En'e, haka dogarai, haka Yari da abincin fursunoni. A daidai wannan lokaci aka soke jakadu, aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka kafa kotunan alƙalai a can. Gundumar Sarkin Ruma, wadda Batsari ta zama hedikwatarta, da gundumar Yarima mai hedikwata a Safana, duk sun shiga wannan tsari. A karon farko mutumin ƙauye ya ga alƙalin da, bisa ƙa'ida dai, samunsa bai dogara da yawan tarar da ya ci mutane ba.

Binciken kuɗin ma yana da tsani. Majalisar Sarki da Ma'aji su tsara kasafi, Di'o ya bi shi layi-layi, Razdan ya duba, a kai hedikwatar Arewa a sa hannu. Ana iya faɗo wa Ma'aji ba zato a ƙirga abin da ke cikin akwati. In Di'o ya fita rangadi, yana da ikon buɗe littafin kotu, ya gwada tarar da aka rubuta da kwafin rasit, ya ƙirga waɗanda ke tsare, ya rage hukunci ko ya sa a sake shari'a. Lugga da kansa, da ya dawo Nijeriya a 1912, bai ji daɗin yadda Baitulmali ya sami 'yanci ba, ya so ya jawo kuɗin En'e ƙarƙashin kasafin Gwamnati. Manyan jami'an Arewa irin su Temple da Palmer suka turje, Landan kuma ba ta ba shi cikakken goyon baya ba. Maimakon kason En'e ya ragu, a ƙarshen shekarun 1920 sai da na manyan masarautu ya kai kashi 70 cikin ɗari.

Bai kamata a yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Binciken sama yake kallo, ba ƙasa ba. Bature ake gamsarwa, talakan da ya biya harajin ba shi da bakin tambaya, manufar kuma ita ce haraji ya shigo, ƙasa ta yi shiru. Di'o ɗaya ne ga ƙasa mai faɗi, labarin zuwansa yakan riga shi isa, a share abin da za a share. Gaisuwa ba ta mutu ba, kashin dankali ma bai mutu ba. Amma akwai abubuwa biyu da tsarin ya samar waɗanda aka rasa daga baya. Na farko, ƙananan ayyukan da shari'a ba ta tafiya sai da su, kai sammaci, rakiyar fursuna, ciyar da wanda ke tsare, duk suna da mai ɗaukar nauyinsu a rubuce, ɓacewar rasit kuma tana iya kai magatakarda gidan yari. Na biyu, jangalin da ake karɓa a kan shanun Rugu yana shiga tukunyar da ake ciyar da alƙali da dogari daga cikinta. Makiyayin da aka zalunta har ya gaji yana iya kora dabbobinsa ya tsallaka ƙasar Faransi ko wata masarauta, jangalinsa ya tafi da shi. Ko ba don tsoron Allah ba, En'e tana da dalilin aljihu na kula da kukansa.

A ƙarshen shekarun 1920 aka fara fitar da 'yan doka daga cikin dogarai, da kaki da horo irin na zamani. Don aikin ya sami kwarjini, sai aka riƙa ɗora 'ya'yan sarki a kansa. Usman Nagogo, ɗan Dikko, ya zama shugaban 'yan dokan Katsina a 1929, kamar yadda Ado Bayero ya riƙe na Kano daga baya, a ƙarshen shekarun 1950.

Yadda aka yaga littafin

Ƙarfin wannan tsari shi ne kuma cutarsa. Tukunya ɗaya, uban gida ɗaya. Hakimi ya kai ƙara, ɗan doka ya kama, alƙalin da En'e ke biya ya ɗaure, Yari ya kulle, lauya kuma ba shi da izinin shiga kotun. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muddin babu siyasa, illar tana ɓoye cikin ƙananan zalunci na yau da gobe. Da aka kafa NEPU a Kano a watan Agusta na 1950 sai ta fito fili: taro ba izini da cin mutuncin sarauta suka zama laifuffukan da ake ɗaure 'yan adawa da su a masarautu da dama. A wannan watan ne kuma Abubakar Tafawa Balewa ya tashi a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul.

Gyaran farko na doka ne, bai taɓa aljihu ba. A 1958 Gwamnatin Arewa ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, shawararsu ta haifar da Final Kod da dokar tsarin shari'ar laifuffuka, waɗanda suka fara aiki a 1960. Daga nan ne rahoton farko na ɗan sanda ya zama ƙofar shigar da yawancin ƙararrakin laifi, mai kaki ya tsaya a gaban alƙali da sunan hukuma. Mai gabatar da ƙara da mutanen karkara suka sani a yau, Saje ko Sufeto riƙe da fayil, a nan aka haife shi. Ikon binciken kuɗin En'e kuwa ya tashi daga hannun Razdan ya koma hannun ministoci a Kaduna. Binciken da D. J. M. Muffett ya yi wa kuɗin En'en Kano, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, ya nuna cewa bincike yana da haƙora. Mutane da yawa kuma sun ɗauki darasi na biyu daga ciki, cewa haƙoran sukan ciji inda siyasa ta nuna.

Soja ne suka taɓa aljihun. Bayan juyin mulkin 1966, kwamitin da Yusuf Gobir ya shugabanta ya ba da shawarar a haɗe 'yan doka da gidajen yarin En'e da na Tarayya. A Arewa, Gwamnan soja na lokacin da aka fara shirin karɓe kotuna daga sarakuna shi ne Hassan Usman Katsina, ɗan tsohon shugaban 'yan dokan nan na 1929 wanda a lokacin yake kan gadon sarauta. Daga 1 ga Afrilu 1968 kotunan alƙalai suka zama kotunan yanki ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha, kotun Sarki ta rufe, gidajen yari suka koma Tarayya, 'yan doka kuma aka tace su aka shigar da waɗanda suka dace cikin 'yan sandan Nijeriya a 'yan shekarun da suka biyo baya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya binne En'e gaba ɗaya. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa Satumban 1987. A 2000 kotunan yanki suka koma kotunan shari'ar Musulunci, suna ya sauya, asusun bai sauya ba.

Kowane ɗaya daga waɗannan matakai yana da hujjarsa, mafi yawansu ma daidai ne. Babu mai hankalin da zai so a mayar da kamu da hukunci hannun mutum ɗaya, kuma wanda ya san yadda aka riƙa karɓar jangali ba zai yi kewarsa ba. Kuskuren shi ne an raba ikon, an raba kuɗin, amma ba a ɗora wa kowa alhakin haɗa lissafin ba.

Aljihu biyar da na shida

A dokar Nijeriya akwai ofishin da ake kira sherif, ko da yake da wuya a ji sunan a bakin mutanen Batsari. Dokar da ta tsara shi ta samo asali tun 1945. Babban Rajistaran Babbar Kotu shi ne sherif na jiha, rajistarori mataimakansa ne, a ƙarƙashinsu kuma akwai masinjojin da ke kai takardun kotu, su ƙwace kaya, su yi gwanjo in hukunci ya ce a yi. Sunan daga Ingila ya zo, inda sherif ya kasance wakilin sarki a gunduma, kuma abin sha'awa, tsofaffin littattafan binciken kuɗi na Ingila, waɗanda suka faro tun 1130, lissafin sherif ne: sau biyu a shekara yake zuwa baitulmalin sarki ya yi bayanin abin da ya karɓa. A Amurka zaɓensa ake yi, shi da lauyan gunduma. Jihar Vermont, mai gundumomi 14, ta haɗa waɗannan zaɓaɓɓu ƙarƙashin hukuma ɗaya da ke kai kasafinsu gaban majalisa. Kowa yana nan da 'yancin aikinsa, amma 'yan majalisa suna da wanda za su kira su tambaya. Ingila kuwa a 1986 ta raba gabatar da ƙara da aikin 'yan sanda, ta kafa masa hukuma da kasafinta. Ba lalle ne waɗannan su dace da Katsina ba. Abin lura kawai shi ne 'yancin ma'aikaci da haɗa lissafi ba kishiyoyin juna ba ne.

A nan gida, sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Antoni Janar na jiha ikon shigar da ƙarar laifi, ya karɓe wadda wani ya shigar, ko ya janye ta. Amma lauyoyinsa a manyan birane suke, a ƙananan kotuna ɗan sanda ne ke tsayawa, wanda Antoni Janar ba shi ke biyansa ba, ba shi ke masa ƙarin girma ko canjin wurin aiki ba. In laifin fashi ne ko garkuwa da mutane ko kisa, majistare ba shi da hurumin saurare, sai ya tura wanda ake zargi gidan gyaran hali a jira shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. Kafin shawarar ta fito sai an kwafi fayil, an kai shi Katsina, wani ya karanta. Bayan ta fito sai an sami motar kawo wanda ake tuhuma, an kai wa shaidu sammaci, an biya musu kuɗin mota. Dokar shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta yanka wa wannan shawara kwana 14, jihohi kuma, har da Katsina, sun yi nasu dokokin a kan wannan salo. Duk da haka, a Nijeriya baki ɗaya, wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi.

Dalilin ba a ɓoye yake ba ga duk wanda ya taɓa karanta kasafin gwamnati. Kasafi yana da albashi, da kuɗin gudanarwa, da manyan ayyuka. Albashi dole ne, in ba a biya ba a tafi yajin aiki. Manyan ayyuka, wato gini da motoci, su ke da kwangila da bikin buɗewa. Kuɗin gudanarwa, wanda shi ne mai da takarda da tawada da kuɗin shaidu, shi ne maraya: shi ake fara datsewa, kuma abin da majalisa ta amince da shi daban yake da abin da aka saki. In bai zo ba aikin ba ya tsayawa, sai dai nauyin ya gangara. Mai ƙara ya ba da kuɗin mai a je kamu, ya ba masinja na mota, dangin wanda ke tsare su biya a kwafi fayil. Sharaɗin nan na masu sharhin Tuhfa ya tabbata, da bambanci ɗaya: a wancan zamani an san ladan, an san mai biya, yanzu kuwa ba shi da ƙa'ida ba shi da rasit, saboda haka babu mai binciken da zai taɓa ganinsa.

An yi gwagwarmaya a kan kuɗin kotuna, amma a sama aka yi ta. Sashe na 121 ya ce a miƙa kuɗin ɓangaren shari'a kai tsaye ga shugabannin kotuna, gwamnoni suka daɗe suna jan ƙafa. A watan Mayun 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a umarni na 10 don tilasta su. A Afrilun 2021 ƙungiyar ma'aikatan kotuna, JUSUN, ta rufe kotunan ƙasar nan fiye da wata biyu a kan wannan batu. A Fabrairun 2022 Kotun Ƙoli ta rushe umarnin, ta ce Shugaban Ƙasa ya wuce huruminsa, sai a Maris 2023 aka sake gyara Kundin don ƙarfafa tanadin, aka kuma bai wa jihohi damar gina nasu gidajen gyaran hali. Duk wannan yana amsa tambayar wa zai riƙe kuɗin a babban birnin jiha. Bai amsa tambayar nawa ne ke isa teburin rajistara a Safana ba.

Kayan aikin bincike kuwa suna nan a rubuce. Sashe na 125 ya ba Odita Janar na jiha ikon bincikar asusun duk ofisoshin jiha, ya kuma ambaci kotuna da sunansu, rahotonsa ya je gaban kwamitin majalisa. Sashe na 128 ya ba majalisa ikon kiran duk mai kashe kuɗin da ta ware. Sai dai ikon ya tsaya a bakin ofishin 'yan sanda, domin sashe na 214 ya mayar da su na Tarayya, ko da yake jihohi ne ke saya musu motoci da babura. Mafi yawan irin wannan taimako kuma yana bi ta kuɗin tsaro na gwamna, wanda bisa al'ada ba a fayyace yadda aka kashe shi. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa irin wannan kuɗi a duk Nijeriya ya kai dala miliyan 670 a shekara.

Ba daidai ba ne a ce rashin kuɗin masinja ne ya haifar da ta'addancin da ya addabi bakin Rugu. Akwai makamai, da cinye burtali da makiyaya, da talauci, da kuma masu cin riba da jini. Amma ruwa ba ya tsami banza. Lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya zagaya dazuzzuka neman sulhu a Satumban 2019, cikin ƙorafe-ƙorafen da aka fi maimaita masa akwai na mutanen da ke tsare ba shari'a da na tatsar makiyaya a ofisoshin hukuma, har sakin wasu tsararru ya shiga cikin sharuɗɗan sako waɗanda aka sace. Manoma kuma kukansu shi ne an kama ɓarawo yau, gobe a gan shi a kasuwa. Kukan biyu tushensu ɗaya: shari'ar da ke tafiya da kuɗin masu shari'a tana karkata wajen wanda ya fi kuɗi, ko wanda ke da saniyar sayarwa. 'Yan sa-kai sun cike gurbin da kisa ba tuhuma, ramuwar gayya ta biyo baya. Sulhun bai daɗe ba. A Fabrairun 2020 an kashe mutane kusan 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin Batsari, a Afrilu kuma aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsinma. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyu. Ƙauyen da jami'i mai bindiga ba ya shiga sai da rakiya, masinja mai takarda ba zai je shi ba ko an ba shi kuɗin mai.

A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, matasa fiye da dubu daga ƙananan hukumomin da abin ya shafa, da horo da albashi da doka a bayansu. Ta wata fuska 'yan doka ne suka dawo, wannan karon a ƙarƙashin gwamna ba Sarki ba, kuma sa su cikin kasafi ya fi barin 'yan sa-kai su ci gashin kansu. Amma aljihu ne na shida. Duk wanda suka kama sai ya bi ta hannun 'yan sanda, da lauyan gwamnati, da majistare, da gandiroba, kuma kowane kamu yana ɗora wa waɗannan nauyi ba tare da ya ƙara musu ko kwabo ba. Ɗan majalisar da ke son sanin ko kuɗin tsaro yana haifar da shari'a ba ya buƙatar sabuwar doka. Ya isa ya nemi alƙaluma huɗu a jere: mutum nawa aka kama a Batsari da Safana cikin shekara, fayil nawa ya isa Ma'aikatar Shari'a, nawa aka gurfanar, nawa aka yanke wa hukunci ko aka sallama, sa'annan ya ajiye su kusa da kuɗin gudanarwar da aka saki wa kowane ofishi.

Rangadin Di'o ma ya dawo a takarda. Dokar 2015, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 wadda ta shafi ƙasa baki ɗaya, sun wajabta wa majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ga waɗanda ke tsare, ya ba da beli inda ya dace ko ya sa a gurfanar da su. Sashen da ya yi wannan tanadi bai ambaci wanda zai zuba wa motar majistaren mai ba.